Yadda mai binciken fungai daga Yamai zai kai aikinsa taron kimiyya na duniya

A wannan jagora kalmar fungai ta haɗa dangin halittun da Bahaushe ya raba wa sunaye dabam-dabam: naman kaza da ke fitowa a gindin suri da damina, funfunar da ke kama gujiya a rumbu, burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, yistin da ke kumbura burodi, har da abin da ke haddasa makero a kan yara. Jinsunan da aka riga aka raɗa wa suna a duniya sun kai wajen 150,000, alhali ƙiyasin da masana biyu, Hawksworth da Lücking, suka fitar a 2017 ya nuna cewa akwai tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8. Yankin Sahel yana cikin wuraren da aka fi ƙarancin bincike, saboda haka ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, ko ma'aikacin INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ko malamin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, yana riƙe da abin da manyan ɗakunan gwaje-gwaje na waje ba su da shi. Amma samfuri ba ya zama hujja sai an tattara shi bisa ƙa'ida, kuma wannan ne ya sa shirin zuwa taro yake farawa daga damina, kimanin shekara guda kafin a je neman biza.

Mataki na farko: zaɓen taron da ya dace da aikin

Tarukan ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya kai aikinsa inda ba a neman irinsa zai tsaya a gaban fostarsa yana kallon mutane suna wucewa. Babban taron masana fungai na duniya, wanda ake kira IMC a taƙaice, an fara shi a Exeter ta Ingila a 1971, yawanci duk shekara huɗu ake yin sa, kuma na goma sha biyu an yi shi a Maastricht ta ƙasar Holan a watan Agusta na 2024. Shi ne mafi faɗi, domin yana karɓar aikin rarrabe jinsuna, da na muhalli, da na cututtukan shuka da na mutane. Taron ilimin gadon fungai da ake yi a Asilomar, a jihar Kalifoniya ta Amurka, a watan Maris duk bayan shekara biyu, ya samo asali ne daga taron masu nazarin funfunar Neurospora na 1961, wato funfunar da Beadle da Tatum suka yi aiki da ita a 1941 har ta kai su ga lambar Nobel a 1958. Takwaransa na Turai, ECFG, yana karɓa-karɓa da shi: an yi a Innsbruck a 2023, aka yi a Dublin a 2025. Waɗannan biyun na masu nazarin ƙwayoyin gado ne da yadda suke aiki, kuma wanda duk abin da ke hannunsa jerin sunayen naman kaza na Gandun Dajin W ne ba zai sami masu sauraro da yawa a can ba.

Shawarata ga mai fita karon farko ita ce ya fara da na kusa. Akwai ƙungiyar masana fungai ta Afirka, akwai ranakun kimiyya da jami'o'in yankin da hukumar CAMES, mai kula da ilimin jami'a a ƙasashen Afirka da dama, suke shiryawa, kuma a Jami'ar Parakou ta Benin akwai sashen binciken fungai na ƙasashe masu zafi da Farfesa Nourou Yorou yake jagoranta, wanda ya horar da ɗalibai da dama daga Afirka ta Yamma. Tambayar da za a yi maka a irin waɗannan wurare da Faransanci ita ce za a sake yi maka da Ingilishi a babban taro, kuma gara ka ji zafinta a gida.

Ka yi hattara da saƙonnin gayyata da ke shigowa akwatin imel suna yabon aikin da ba ka ma buga ba. Taron da ya karɓi tsakure, wato gajeren bayanin aiki da ake aikawa kafin taro, cikin kwana biyu, ya haɗa fungai da gine-gine da kasuwanci a zaure ɗaya, kuma babu wata sananniyar ƙungiyar masana a bayansa, kuɗinka kawai yake so.

Mataki na biyu: samfurin da zai iya tsayawa gaban masana

A nan ne ya kamata a fi kashe lokaci. Ga mai nazarin naman kaza, lokacin aiki gajere ne, daga Yuli zuwa Satumba, kuma kwana biyu ko uku bayan ruwa mai ƙarfi su ne suka fi albarka. Kafin ka taɓa naman kazan ka ɗauki hotonsa a inda ya tsiro, da ma'auni a gefensa, sama da ƙasa da kuma bayan ka tsaga shi biyu, domin launi yakan sauya cikin sa'o'i kaɗan. Ka haƙo shi da gindinsa gaba ɗaya, musamman dangin Termitomyces da ke rayuwa tare da gara, wanda jijiyarsa takan nutse cikin suri. Ka rubuta kwanan wata, da lambobin GPS, da abin da ya tsiro a kai, da itacen da ke kusa, da ƙamshi, da sunan da mutanen wurin suke kiransa da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci ko Fulatanci, da abin da suke yi da shi. Kowane samfuri ya sami lambarsa tun a daji, lambar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: a kan hoto, a kan ambulan, a kan kwalbar DNA, a kan fosta. A daren ranar ka kifa hularsa a kan farar takarda ka rufe da kofi domin ƙurar irinsa ta zuba ka ga launinta, sa'an nan ka yanki ƙaramin tsoka mai tsabta daga ciki ka sa a ƙaramar leda mai cike da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ko a ruwan adana samfuri mai suna CTAB, saboda aikin DNA. Sauran a busar da shi da zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Kada ka dogara da rana a watan Agusta, domin kafin ya bushe tsutsa ta riga ka. Na taɓa asarar tarin mako guda a haka lokacin da wuta ta ɗauke kwana biyu, na'urar busarwa ta tsaya, kuma tun daga nan ba na fita daji sai da ƙaramin murhun gas da akwatin waya mai hawa-hawa.

Mai nazarin cututtukan amfanin gona hanyarsa dabam ce. Idan albasar Galmi ce da ta yi baƙi a cikin rudu, ko wake da ya bushe a tsaye, ko gujiyar da ta yi funfuna mai launin kore da ɗorawa, sai an raba funfunar daga shukar an rene ta ita kaɗai. Abincin renon da aka fi amfani da shi, PDA, ana iya haɗa shi a Yamai: ruwan dafaffen dankalin Turawa giram 200, da sukarin gulukos giram 20, da agar, garin da ke daskarar da haɗin, giram 15, a cikin lita ɗaya, a dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15. A yanko daga iyakar da ke tsakanin wuri mai ciwo da mai lafiya, a wanke da ruwan jabel mai rauni, a ɗauraye da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a shuka. Abin da ya tsiro a sake tsarkake shi daga ƙwayar iri guda, domin faranti ɗaya yakan ɗauki jinsi biyu ko uku ba tare da ido ya gane ba. In kuwa kana son ka ce wannan funfunar ce ta haddasa ciwon, to dole ka bi sharuɗɗan Koch: ka sa wa lafiyayyar shuka ita, ciwon ya bayyana, ka sake raba ta daga shukar. Wannan ce tambayar farko da masanin cututtukan shuka zai yi maka.

Mataki na uku: tabbatar da suna

Kuskuren suna shi ne abin da ya fi kunyata baƙo a taro. Ka fara da madubin ƙara girma, ka auna aƙalla ƙwayoyin iri 20 zuwa 30 na kowane samfuri, ka rubuta tsawo da faɗi. Bayan haka sai aikin DNA, wanda masu karatun Faransanci suka fi sani da ADN. Tun 2012 masana suka amince da yankin DNA da ake kira ITS a matsayin shaidar gane fungai ta bai ɗaya, kuma ana kwafo shi da mafaran ITS1 da ITS4, wato gajerun jerin DNA da ake fara kwafin da su, waɗanda aka sani tun 1990. Da yake yawancin masu bincike a nan sukan aika samfuri waje domin a karanta jerin DNA ɗinsa, ka ware wa wannan wata biyu zuwa uku a lissafinka.

Idan sakamako ya dawo, kada ka liƙa shi a GenBank, rumbun jerin DNA da ke intanet, ka ɗauki sunan farko da ya fito. Wannan rumbu yana cike da jerin da aka sa wa suna bisa kuskure, saboda haka ka kwatanta naka da jerin samfurin asali na jinsin, ka duba rumbun UNITE, ka zana bishiyar dangantaka. Ga wasu dangogin ma ITS ba ya isa: Fusarium yana buƙatar yankin DNA na TEF1, Aspergillus kuma yana buƙatar na kalmodulin ko na beta-tubulin, domin da ITS kaɗai ba a iya raba Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoksin a gujiya da masara, daga makusantansa. In hujjarka ta tsaya a dangi, ka rubuta sunan dangin ka tsaya nan. Babu wanda zai raina ka a kan haka. Ka kuma duba rumbunan sunayen fungai, MycoBank ko Index Fungorum, domin sanin sunan da ake amfani da shi yanzu, tun da dokar da aka zartar a Melbourne a 2011 ta hana fungai ɗaya ɗaukar suna biyu, kuma sunaye da yawa da ke cikin tsofaffin littattafan ɗakin karatu sun sauya. Wani abin lura ga masu aikin hatsi: Sclerospora graminicola, mai sa zangarniya ta koma ganye, ba fungai ne na ainihi ba duk da kamanninsa, yana cikin dangin da ake kira Oomycota. Ana karɓar aikinsa a tarukan fungai, amma a faɗi matsayinsa daidai.

Wanda yake zaton ya gano sabon jinsi kada ya buga sabon sunan a fosta kafin maƙalarsa ta fito, domin tun 1 ga Janairu 2013 suna ba ya inganta sai an yi masa rajista an sami lamba. Abin mai yiwuwa ne: a 2010 aka bayyana Agaricus subsaharianus, naman kaza da ake ci a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya, kuma sunan ɗan Nijar, Hama, yana cikin masu raɗa masa suna.

Mataki na huɗu: takardun fitar da samfuri

Tarihin Nijar ya isa ya nuna darajar abin da ke cikin ƙasarta. Funfunar da aka yi maganin fara mai suna Green Muscle da ita, wadda yanzu ake kira Metarhizium acridum, an samo ta ne daga jikin wata fara a Nijar, aka ajiye ta a Ingila da lamba IMI 330189, kuma shirin yaƙi da fara mai suna LUBILOSA da ya soma a 1989 ya gwada ta a gonakin ƙasar nan. A lokacin babu Yarjejeniyar Nagoya. An amince da ita a 2010, ta fara aiki ranar 12 ga Oktoba 2014, Nijar tana cikinta, kuma ta tanadi cewa kafin a fitar da wata halitta daga ƙasa sai da izinin ƙasar da kuma rubutacciyar yarjejeniya kan yadda za a raba amfanin da ya fito. Ka fara da shugaban sashenka, shi zai haɗa ka da hukumar CNEDD da ke kula da yarjejeniyoyin muhalli. Duk samfurin da zai fita ya tafi da takardar miƙa kaya da jami'arka da ɗakin gwaje-gwajen da zai karɓa suka sa wa hannu, wadda ta fayyace abin da za a yi da shi da kuma sunayen da za su fito a maƙala. Ka bar kwafin kowane samfuri a ma'ajiyar jami'a. Rayayyar funfuna mai cutar da shuka kuwa ba a sa ta a jakar tafiya ko da abokin aiki ya roƙa, domin tana buƙatar izinin shigarwa daga ƙasar da za ta je.

Mataki na biyar: tsakure

Akan rufe karɓar tsakure wata uku zuwa shida kafin taro, kuma neman tallafin tafiya yakan rufe tare da shi ko kafinsa. Tsawonsa yawanci kalmomi 200 zuwa 300 ne, da Ingilishi. Ɗalibanmu sun saba buɗe rubutu da bayanin cewa Nijar ƙasa ce ta Sahel marar teku, su cinye rabin wurin kafin su kai ga aikinsu. Jimla ɗaya ta isa ta faɗi matsalar, ɗaya ta faɗi tambayar, biyu su faɗi wuri da lokaci da yawan samfuri da hanyar gwaji, sauran duka sakamako ne da alƙaluma. Kada ka rubuta cewa za a tattauna sakamako a taro, domin masu tantancewa sun san ma'anar haka ita ce babu sakamakon tukuna. Sunan jinsi a rubuta shi cikakke a karon farko, da karkataccen rubutu. Ka rubuta da harshen da kake tunani da shi, ka mayar Ingilishi, sa'an nan ka ba wanda ya saba karanta maƙalu da Ingilishi ya gyara. Kafin ka aika, kowa da sunansa yake ciki ya gani ya amince, kuma Malam mai duba aikinka ya fara gani tun da sauran mako biyu, ba daren rufewa ba.

Mataki na shida: kuɗi da biza

Ka yi lissafin komai da sefa tun da wuri: kuɗin rajista, jirgi, masauki, inshora, biza, buga fosta, abinci. Euro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kowane euro 100 ya kusa jika 66. Rajistar farko ta fi sauƙi, ɗalibai da ƴan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sukan sami ragi, kuma shiga ƙungiyar da ta shirya taron yakan rage kuɗin fiye da abin da aka biya na shiga. Ka nemi tallafi daga masu taron da kansu, da aikin binciken da kake ƙarƙashinsa, da hukumomin tallafa wa bincike irin su AUF da TWAS, mata kuma su ƙara da OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya. Tun da yawancin rajista da katin banki ake biya ta intanet, ka tabbatar naka yana aiki a waje kafin ranar ƙarshe.

Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ana iya neman ta tun wata shida kafin tafiya, kuma kuɗinta euro 90 ne tun Yunin 2024. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, dokokin shiga ƙasashe kuma suna sauyawa, don haka kafin ka biya ko dala ka binciki inda ɗan Nijar zai ajiye takardunsa na ƙasar da za ka, da ko ana bayarwa a lokacin. Ka tanadi wasiƙar gayyata, da shaidar karɓar tsakure, da takardar izinin tafiya aiki daga jami'a, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara. In bizar ta gagara, ka sanar da masu taron da wuri ka nemi gabatarwa ta intanet ko wani abokin aikin ya tsaya maka.

Mataki na bakwai: fosta da jawabi

Ka duba girman allon da masu taron suka faɗa kafin ka zana komai, domin A0 na Turai santimita 84.1 ne da 118.9, a tsaye, amma allunan Amurka sukan bambanta. Kanun fosta ya faɗi abin da aka gano, a iya karanta shi daga nisan mita biyu. Ƙarfinka yana cikin hotuna: taswirar Nijar da wuraren da ka tattara samfuri, naman kazan a mazauninsa, ƙwayoyin iri da ma'auninsu, da bishiyar dangantaka wadda aka bambanta samfuranka da launi. Mutane da yawa a zauren ba su taɓa ganin rudu ko suri mai tsawon mutum ba, kuma hoton yakan tsayar da su har su karanta sauran. Ka buga a kan yadi in ka samu, domin yana naɗuwa cikin jaka, alhali bututun takarda yakan ɓace a canjin jirgi tsakanin filin Diori Hamani da Istanbul ko Kasablanka. Ka riƙe kwafin fayil ɗin a waya da imel.

Ka shirya bayani iri biyu, na minti ɗaya ga mai wucewa da na minti biyar ga wanda ya tsaya. In an ba ka jawabi na minti 12 ko 15, shafukan majigi kada su wuce yawan mintunan, kuma ka gwada a gaban ƴan sashenku sau uku da agogo, ka roƙe su su yi maka tambayoyi marasa daɗi. In ba ka ji tambaya ba ka nemi a maimaita a hankali, in kuma ba ka gwada abin da aka tambaya ba ka faɗi haka, ka tambayi mai tambayar yadda shi zai yi.

Mataki na takwas: a zauren taro da bayan dawowa

Tun kafin ka tashi ka karanta jadawalin, ka fitar da sunayen mutum biyar zuwa goma da aikinsu ya shafi naka, ka aika wa kowannensu gajeren saƙo da lambar fostarka da lokacin da za ka tsaya. Kunyar da muka tashi da ita ta tunkarar babba ba ta da amfani a nan, domin farfesoshin da ka saba ganin sunansu a littafi sun zo ne a yi musu magana, kuma yawancin haɗin gwiwa a lokacin shan shayi ake ƙulla shi. In wani ya nuna sha'awar samfuranka, ka yi murna amma kada ka yi alƙawarin aikawa a tsaye. Ka ce za ka koma ka shawarci sashenka, sa'an nan ka tambayi abin da zai zo daga wajensu, ko karanta jerin DNA ne, ko horon wata uku ga ɗalibi, ko rubuta maƙala tare. Kada ka ɗauki hoton fostar wani sai da izininsa.

Kafin ka baro wurin ka karɓi takardar shaidar gabatarwa, wadda za ta shiga kundin neman ƙarin girma na CAMES ko na kammala digiri. A makon farko bayan saukarka Yamai ka rubuta wa waɗanda kuka yi magana da su, ka miƙa rahoto da rasiɗai ga wanda ya biya kuɗin tafiya, ka kuma tara ƴan sashe ka nuna musu sababbin hanyoyin gwajin da ka gani. Gyare-gyaren da aka yi maka a gaban fosta ka shigar da su cikin maƙala tun suna sabo a ranka, ka ɗora jerin DNA a GenBank da lambar kowane samfuri da sunan ma'ajiyar da yake. In albasar manoman Galmi ko gujiyar wani ƙauye ka yi aiki a kai, ka koma can kafin kaka ta gaba ka gaya musu da Hausa wace funfuna ce ka samu a rudunsu, da abin da za su sauya wajen shanya da ajiya.